Magimfa a Akwatin Dakta

Arzika ɗan Sarkin Ruwa ne, kuma ba ya bari kowa ya manta da haka. Ubansa ne ke buɗe su, wato kamun kifin gayya, a wani ƙauye da ke ƙasa da Bakura, inda duk damina gulbi kan cika ya malale fadama, ya bar tafkuna maƙil da tarwaɗa da karfasa. Da aka datse ruwa a Bakolori, malalen ya tsaya cak. Shekarar farko mutane suka ce ai damina ce ba ta yi kyau ba. Shekara ta biyu, tafkin da Arzika ya koyi iyo a ciki ya zama wurin kiwon awaki. Tsohon bai jima ba ya rasu. Arzika ya naɗe birginsa na kamun kifi ya cusa a rufin ɗaki, ya taho Talata Mafara neman aiki, yana da shekara arba'in da 'yan kai.

Allah ya taimake shi ya samu a gidan Dakta Nenita, wata likita 'yar ƙasar Filifin da ke duba ma'aikatan dam. Aikinsa shara da goge-goge, sai kuma abin da ya sa ta ɗauke shi tun farko, wato akwatin gilashin da ke falonta. Tsawonsa kamu biyu, cike da ruwa da 'yar ciyawa, da wani ɗan inji yana busa kumfa a gefe. A ciki akwai kifaye huɗu, kowanne bai kai ɗan yatsa ba. Beta take kiransu. Ta ce duk mata ne, don namijin irinsu ba ya zama da ɗan uwansa sai ɗaya ya kashe ɗaya.

Ranar da Arzika ya fara ganinsu sai da ya juya baya ya yi dariya. Wannan ne kifi? Ko a miyar marar lafiya ba za a ji ɗuriyarsu ba! Amma da ya tsuguna ya duba, sai ya ga suna tasowa saman ruwa suna haɗiyar iska, yadda tarwaɗa ke yi in tafki ya fara ƙafewa. Ya gaya wa Simon kuku, Simon ya juya wa Dakta da Turanci, Dakta ta saki baki. Ta ce abin da ke cikin littafinta ke nan, kuma ba ta taɓa ganin wanda ya lura da shi da kansa ba. Daga ranar nan ba wanda ya isa ya taɓa akwatin sai Arzika. In baƙi suka zo, Italiyawa ko Indiyawa, sai ta nuna shi ta ce da Hausarta mai tuntuɓe, "Arzika, shi ya sani kifi." 'Yar maganar nan ita kaɗai ta rage masa daga dukan sarautar gidansu, kuma wallahi ya riƙe ta da hannu biyu.

Shi da kansa ya kawo Maccido gidan. Maccido ɗan goggonsa ne, taubashinsa ke nan, manomi tun tashinsa, bai taɓa riƙe komar kamun kifi ba balle ya hau goran iyo. Gonarsa ta faɗa cikin filayen da motocin dam suka baje, aka ce a jira shekara biyu ko uku kafin a mayar wa kowa tasa. Arzika ya roƙi Dakta, aka ɗauke shi yankan ciyawa da ban ruwan fure. Tun suna yara ba su taɓa gaisawa da hankali ba. Da safe Maccido zai leƙo ta taga ya ce, "Kwaɗo, cikin ruwa anka kwana ko tudu?" Arzika ya ce, "Gafiya, koma raminka, kak ka cika mana falo da ƙasa." Simon ya sha tasowa da ludayi a hannu zai raba su, kafin ya gane ba faɗa ba ne.

Rikici ya fara ne da Dakta ta je Kano ta dawo da sababbin kifaye biyu a leda, ta juye su cikin huɗun. Kai! Ba a yi sa'a guda ba wata ja daga cikin tsofaffin ta buɗe kumatu, ta baza fukafukai, ta bi baƙin nan lungu-lungu. Kashegari an yage wa ɗaya jela. Kwana uku faɗan ya game duka shidan, har wata 'yar fara ƙarama da Arzika ke kira Auta, wadda ba ruwanta da kowa, ta daina fitowa cin abinci. Hankalin Dakta ya tashi. Ta ce wa Arzika ya yi duk abin da ya ga ya dace, tunda shi ya san kifi.

To, masunci ai masunci ne. Abin da ya fara yi, ya tsige ciyawar akwatin kakaf, don a wurinsa ba a sanin abin da ke cikin ruwa sai an share shi. So yake ya ga mai laifi da idonsa. Ya gan ta kuwa, ya kwashe Ja da cokalin miya ya jefa ta kwalba. Kafin azahar wata shuɗiya ta karɓi aikin, ta ma fi Ja mugunta. Ya cire shuɗiyar. Sauran huɗun ba wurin ɓuya, ba abin da ya kare wa wata ganin wata, sai ɗaya ta tasa ukun gaba tana kora daga wannan bango zuwa wancan. Arzika ya tsaya da cokali a hannu, gumi na karyo masa, kwalabe jere a kan tebur, Dakta na bayansa ta naɗe hannu.

Daidai nan Maccido ya jingine laujensa ya leƙo ta taga.

"Kwaɗo, mi kaka yi haka? Kamun ɓarayi?"

"Tahi ka ba ni wuri, yau ba ranar wasa ba ta."

"Wanga ai halin kaji na," in ji Maccido. "In ka kawo sabuwar kaza akurki, haka tsohhin ka yi mata. Ka ɗauke mai saran, ta biyu ta hau. Kuma ka share musu hili tas, ina marar ƙarhi za ta laɓe? Ko inna ta hi ka sanin wanga."

Tsokana yake yi, kamar kullum. Amma Dakta ta tambayi Simon me ya ce, Simon kuwa ya juya mata tsaf bai rage ko kalma ba. Ta dubi kwalaben, ta dubi Maccido, ta ce ya wanke ƙafa ya shigo.

Arzika bai tsaya ya gani ba. Ya ajiye cokalin, ya ɗauki tsintsiya ya zaga bayan gida, ya share wurin da ya riga ya share da safe, ya sake sharewa. Yana jin Maccido na kai da kawo. Ya ji an fasa tukunya a gindin darbejiya, ya ji an hau keken Simon an tafi bakin magudana an dawo, ya ji dariyar Dakta. Bai ɗaga kai ba ko sau ɗaya. Mai kiwon kaji zai koya wa ɗan Sarkin Ruwa kifi? Gara ya makance da ya kalli wannan abin kunya.

Washegari ya tarar da akwatin a lulluɓe da tsohon zanen tebur, bai tambayi dalili ba. Rana ta biyu aka yaye. Gutsattsarin tukunya a kife ko'ina, wasu jingine da juna, kainuwa ta rufe rabin saman ruwa saiwoyinta na reto, ga wani busasshen reshe a tsakiya. Akwatin da Arzika ke gogewa har ya yi ƙyalli ya koma kamar bayan ɗakin tsohuwa. Sai dai kifayen shida suna ciki gaba ɗaya, kuma ba mai cizon wata. Ja ta kama wani kasko ta gefen dama ta zauna a bakinsa. Auta ta fito ta ci abinci. Arzika ya ji daɗin ganinta, sannan nan take ya ji haushin daɗin da ya ji.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Simon, mai neman magana, shi ya fara kiran Maccido Sarkin Ruwa a ƙofar kicin, don ya ga yadda fuskar Arzika za ta yi. Dakta ta ji, ta tambayi ma'anar, sunan ya yi mata daɗi a baki ta riƙe. Ita ina ta san sarautar gidan wani ce? Da safe sai ka ji ta daga baranda, "Sarkin Ruwa, zo ka gani kifi!" Maccido kuwa, Allah ya shirye shi, ya naɗa tawul a ka, ya zo gaban Arzika yana tafiyar ƙasaita ya ce, "Talaka, hwaɗi ka yi gaisuwa." Da can Arzika zai mayar masa da wadda ta fi wannan zafi, su yi dariya har su riƙe ciki. Ranar nan haƙora kawai ya buɗe, ya ci gaba da goge taga.

Sannan ga maganar 'yar raga. Shekara biyu Arzika na kwasar kifin nan da cokalin miya, ashe Dakta ta sayo wata 'yar koriyar raga mai mariƙin waya a Kano, ta manta da ita a jaka. Da ta tuna, Maccido ta miƙa wa. Mutumin da bai san yadda ake riƙe koma ba! Ya riƙe ta kamar muciya, ya rataye ta a ƙusa kusa da akwatin, kullum Arzika ya shigo shara sai idonsa ya faɗa a kanta.

Ƙyashi ne, ba wani suna da za a ba shi. Ya cika masa ciki har tuwo ya daina wucewa. Ya wayi gari komai na Maccido haushi yake ba shi: yadda yake tauna goro, yadda yake dariya da dukan baki, yadda yake tsugunawa gaban gilashin yana kiran kifi da "kur-kur" sai ka ce 'yan tsaki. Abin da ya fi ƙona masa rai, suna zuwa. A gida matarsa Nagode ta gaji da tsakin da yake ja, ta ce, "Haba, Malam, ɗan uwanka na fa, kuma kai ka kai shi gidan."

"Shi na abin da ka ci min rai," in ji shi. "Da wani Bature ya zo da littahi ya gyara, da ban damu ba."

Ana cikin haka Dakta ta ce ƙarshen wata za ta tafi hutu ƙasarsu, wata biyu. Za a rufe gida, Simon zai tafi Zuru wurin iyalinsa, mutum ɗaya za a bar wa makulli ya riƙa shiga yana duba kifi. Arzika ba ya jin Turanci, amma ya ji sunan Maccido sau biyu a cikin maganar da take yi da Simon. Ya bi kukun kicin ya tambaye shi. Simon ya ce ba ta gama yanke shawara ba, amma da alama can ta karkata. Arzika ya fito ya tsaya a rana. Wato wata biyu Maccido zai riƙa buɗe ƙofa ya shiga wurin kifi, shi kuma a ba shi lauje ya tsaya a waje. Duk wanda ya zo daga Bakura cin kasuwa sai ya ji labari ya kai gida.

Akwai ɗan abin da ya rage bai gyaru ba. Da safe, lokacin abinci, Ja takan buɗe kumatu ta kori wadda ta matso kusa da kaskonta, kora ɗaya ta koma. Dakta ta nuna wa Maccido, ya ce a bar su, ta haka suke sanin babba, in dai ba a fasa fata ba ba komai. Arzika na gefe yana sauraro, nan ya ga ƙofa. Mai kaji ya rage faɗa ne kawai. In shi ya kashe faɗan gaba ɗaya, kifin nan suka kwanta luf ba mai ɗaga wa wata kai, ai Dakta za ta tuna wanda ya san kifi.

Ranar Juma'a ya hau mota ya tafi ƙauyensu. A bayan kangon gidansu akwai magimfar da ubansa ya shuka. Ita ce ganyen da masunta ke dakawa su watsa a tafki, kifi ya bugu ya taso sama a kwashe da hannu. Arzika ya san ta tun yana goye. Ya san in an sa da yawa tana kisa, in an sa kaɗan jiki kawai take kashewa, kifi ya yi lakwas na ɗan lokaci ya warware. Ya tsinki ganye biyar ya sa a aljihu. Ko gyara kaɗai ya yi niyya, ko akwai wani ɓangare na zuciyarsa da ke son aikin Maccido ya lalace kowa ya huta, shi kansa in ka tsare shi ba zai iya rantsewa ba.

Ya jira Talata, ranar kasuwa. Dakta na asibiti, Maccido ya nemi izini ya shiga kasuwa, Simon na kicin yana fama da kaza. Arzika ya daka ganyen tsakanin duwatsu biyu a bayan gida, ya matse ruwan a murfin kwalba. Ya yi lissafinsa irin na gida: tafkin ƙauyensu kwando goma yake ci, wannan ɗan akwati rabin cokali ya ishe shi. Ya ɗiga, ya motsa da yatsa, ya tsuguna.

Da farko abin ya yi kyau. Ja ta sauke fukafukai. Shuɗiyar ta wuce ta gaban kaskonta, ko kallonta ba ta yi ba. Arzika ya yi murmushi, murmushin farko a sati uku. Har ya fara shirya yadda zai kira Dakta ta gani, da yadda zai ce wa Simon ya juya mata cewa wannan ilimin gado ne, ba a samunsa a akurki.

Sai ya ga Auta ta karkace. Ta yi ƙoƙarin tasowa ta haɗiyi iska, ta kasa, ta juya ciki sama. Wata ta bi ta. Innalillahi! Sai a lokacin ya tuna tafki yana da laka mai shanye magani, yana da faɗi, yana da wurin da kifi zai gudu. Akwatin gilashi ba mashiga ba mafita, abin da ka zuba yana nan.

Ya ƙwala wa Simon kira. Ya fizgi 'yar koriyar ragar daga ƙusa, ya kwashe su ɗaya bayan ɗaya ya zuba a bokitin ruwan randa. Nan kam aikinsa ne, ba mai koya masa. Ya tallafe kowacce da yatsa kusa da saman ruwa don bakinta ya kai ga iska, ya kaɗa ruwan a hankali ya riƙa bi ta kumatunta, ya canza bokiti, ya sake canzawa. Simon ya hau keke ya yi asibiti. Kafin Dakta ta iso, biyar sun fara motsa jela. Haɗiyar iskar nan da suke yi ita ta cece su. Auta kuwa ta riga ta sandare, tana kwance a tafin hannunsa, shi kuma yana durƙushe a cikin ruwan da ya malale falo, rigarsa jagab.

Dakta ta duba biyar ɗin, ta duba shi. Ta dafa kafaɗarsa ta ce ya cece su. Sannan ta tambaya, ta bakin Simon, me ya shiga ruwan.

A nan ne Arzika ya yi abin da ya fi magimfar muni. Ya dubi gutsattsarin tukunyar da ke cikin akwatin ya ce, "Wa ya san abin da anka taɓa zubawa cikin tukunyar ga? Yanzu ko'ina maganin ƙwari na, tun da anka kawo aikin dam."

Bai rufe baki ba sai ga Maccido a ƙofa, da 'yan kasake biyu sababbi a hannu, ya sayo wa kifi da kuɗinsa. Ya tsaya turus. Ya ja hanci sau ɗaya. Shi ma fa a gidan kawunsa ya yi rabin ƙuruciyarsa, ya sha ɗaukar kwandon dakakken ganyen nan zuwa bakin tafki. Idonsa ya sauka a kan faratan Arzika da suka yi kore. Arzika ya dunƙule hannu, amma ya makara.

Dakta ta yi wa Maccido faɗa sosai, Simon na juyawa yana rage zafin. Ta ce ta yarda da shi ya zuba mata shara a ruwa, ta ce a kwashe komai a zubar, kada a sake sa ko tsinke a akwatin. Maccido ya saurara har ta gama. Ya ajiye kasaken a bakin ƙofa a hankali, ya ce, "A ba ta haƙuri." A ƙarshen satin aka sallame shi, ya koma cikin leburori masu kwashe laka a babbar magudanar da ta yi hanyar Maradun. Ranar da Dakta za ta tafi, ta sa makulli a hannun Arzika ta ce, "Arzika, shi ya sani kifi." Ya karɓa ya yi godiya. Ya jira daɗin ya zo, bai zo ba.

Kwana biyu da tafiyarta Ja ta warware sarai, ta koma bakin aikinta. Akwati fayau, ba kasko ba ciyawa, ta tasa huɗun gaba daga safe har yamma. Arzika ya daure kwana uku, sannan ya karya dokar Dakta: ya fasa sababbin kasaken nan ya zuba, ya ɗebo kainuwa ya watsa. Ai abin da ya gani ke nan. Ina! Ja ta bi kasaken ɗaya bayan ɗaya ta mallake su duka, duk wadda ta laɓe ta shiga ta fito da ita. Ya cire ta, shuɗiyar ta hau. Ya mayar da ita, suka haɗu su biyu a kan wata koriya har suka cire mata rabin jela, ta koma ta maƙale a bayan injin kumfa ba ta ci ba ta motsi. Akwai abin da Maccido ya yi ranar nan wanda ba a gani da ido a cikin akwati, shi kuwa ranar yana bayan gida yana sharar wurin da ba datti.

Ya kai kwana goma yana gardama da kansa. Ranar sha ɗaya ya ga wani farin abu kamar ƙura ya fara fitowa a raunin koriyar, ya san in aka ƙara kwana biyu ta tafi. Ya kulle gida ya kama hanya da tsakar rana.

Ya sami su Maccido a cikin magudana, mutum wajen ashirin, laka har gwiwa. Maccido ya hango shi, ya soke shebur, ya hauro a hankali. Ya goge hannu a wando ya miƙa masa.

"Salamu alaikum, Malam Arzika. Ina wuni? Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya aiki? Ina labari? Madalla."

Gaisuwa ce cikakkiya, ba abin da ya rage a ciki, irin wadda ake yi wa baƙon da aka haɗu da shi a tasha. Arzika ya amsa. Tun da uwayensu suka haife su Maccido bai taɓa ce masa Malam ba. Ya sunkuyar da kai ya faɗi abin da ya kawo shi: kifi na kashe juna, ya sa kasko, ya sa kainuwa, bai yi ba.

"Ba a gyara ɗaki da masu ɗaki ciki," in ji Maccido. Muryarsa ba fushi ba wasa. "Hid da su duka, kowace da kwalbarta. Ka canza wurin komi, kada wadda za ta gane inda take da. Maɓoya su hi su yawa, in su biyar na ka yi bakwai, kuma kowane ya zan da ƙohwa biyu don kada a rutsa wata ciki. Ka sa reshe tsakiya shi raba musu gani. Sannan ka maida su, marar ƙarhi da fari, ka ba ta lokaci ta zaɓi wuri. Ja ita ta ƙarshe. Ka ruhe da zane kwana guda, cikin duhu ba su faɗa. Abinci kuma wuri ukku za ka zuba, nesa da juna, mutum guda ba ya tsare ƙohwa ukku. Mai raunin ka bar ta kwalba da ruwa mai tsabta sai ta warke. In ka ga kora ba cizo, kak ka sa hannu."

Wani daga cikin magudana ya kira Maccido, ya ɗaga hannu alamar yana zuwa.

"Akwai wani abu, Malam?"

Arzika ya dubi lakar da ta bushe a ƙaurin ɗan goggonsa, ta tsattsage har jini ya fito. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba.

"Ba tukunyarka ba ta," ya ce. "Magimfa ta. Ni na sa."

"Na sani. Tun daga bakin ƙohwa na ji ta."

"To mi ya hana ka hwaɗi?"

Maccido ya dube shi sosai, karon farko tun da ya hauro.

"Da wane baki zan gaya ma inna ni na sa anka kori ɗan wanta? Tsohuwar ga kai kaɗai ka rage mata daga gidansu."

"Maccido, in Dakta ta dawo ni ka gaya mata da bakina. Wallahi ni ka gaya mata."

"Wanga tsakaninka da ita na. Ni ba ni komawa gidan." Ya juya, sannan ya tsaya. "Da ka ce min kana son makullin, Arzika, da na ce mata ni tsoron kihi nikai. Da wasa da dariya da an ba ka."

Ya gangara cikin magudana, ya zare sheburinsa ya ci gaba da aiki. Arzika ya tsaya a kan gaɓa yana jira ko zai ɗago, ko da zagi ne. Bai ɗago ba. Da mai kula da leburori ya fara kallonsa yana tambayar ko aiki yake nema, sai ya ce a'a, yana da aiki. Ya laluba aljihu ya ji makullin na nan, ya kama hanyar Mafara shi kaɗai, yana maimaita abin da aka gaya masa don kada ya manta.